Gafiyar Inno da Magaryar Bakin Gulbi

Lokacin sanyi, da an idar da sallar isha'i a ƙauyenmu da ke kan hanyar Kebbe, babu mai kiran yara zuwa ƙofar ɗakin kakata Inno. Wuta ce ke kiranmu. Takan hura ta da kara da busasshen kashin shanu, ta jawo tabarma, ta miƙe ƙafafunta masu faso kusa da garwashi, mu kuwa mu yi mata zobe, 'yan gida da na maƙwabta, kowa da gyaɗa ko dankalin da zai tura cikin toka. Ni takan kira ni mai gidanta, ta ce ba ta taɓa ganin ragon miji irina ba, ga ci kamar gara, ga shi ko ƙyallen ɗankwali ban taɓa saya mata ba. In na ce na sake ta, sai ta ce ta gode Allah, ta huta da wankin majina. Sai an gama wannan tsiya sannan ta gyara murya ta ce, "Ga wata nan tahe, wa ka buɗe mata ƙohwa?" Mu amsa baki ɗaya, "Mun buɗe, ta shigo!"

Abu ɗaya ne Inno ba ta wasa da shi, wato alkunya. Babanmu shi ne ɗanta na fari, don haka tun da aka haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye. In tana da saƙo, ko da yana tsaye gabanta, ɗayanmu za ta duba ta ce, "Hwaɗa ma wancan saniya tai ta ƙi cin abinci." Shi ma ya dubi yaron ya ba da amsa. Muna ƙanana abin yakan ba mu dariya. Zana guda ce tsakanin wutar Inno da rumfar da Baba ke kishingiɗa yana sauraron rediyo, kuma duk abin da aka faɗa a nan ana jin sa a can.

A shekarun nan ne masu lambun bakin gulbi suka haɗa kai a kan magarya. Wani malamin gona ya kawo musu rassan wata baƙuwar magarya mai manyan 'ya'ya, ga zaƙi ga ruwa, har a kasuwar Tambuwal ana ce mata tuffa. Suka yi mata aure da magaryar daji, wato a tsaga ta gida a dasa reshen baƙuwar a ɗaure da leda har su kama juna. Ta kama, amma ƙasarmu ba ta karɓe ta da daɗi ba. Zafi na kaɗe mata fure, ɗan abin da ya tsira kuma tsutsa ta riga mutum. Sai Baffa Jelani, wanda shi ne babba a cikinsu, ya kawo shawara. Ya ce tunda ƙudan zuma na yawo tsakanin furen baƙuwa da na 'yar gida, ƙwallayen da za su fito kowane da halinsa, wani ya ɗauko girman uwa, wani ya ɗauko jimirin uba. A raba ƙwallayen, kowa ya shuka a lambunsa ya yi ta lura. Duk wanda Allah ya sa ta gari ta fito a wurinsa, ba tasa ba ce shi kaɗai, zai bar kowa ya yanki reshe. Aka shafa fatiha a kan haka a ƙofar masallaci, da Baba a ciki.

Aka yi shekaru ana wahala. Ta wani ta yi girma babu zaƙi, ta wani zaƙi kamar zuma amma ba ta fi ƙwayar wake ba, ta Baffa Jelani kuwa ƙaya kawai ta iya. Sai ga ta gari ta fito a lambunmu, can ƙarshe daf da gaɓar ruwa. 'Ya'yanta sun kusa ƙwan zabo, in ka gatsa sai ka ji ƙaras, kuma tsutsa ba ta kula ta. Baba ya kewaye ta da ƙaya ya yi gum. Yakan tsinke da asuba, ya rufe kwandon da ganye, ya hau mota har Sakkwato inda babu wanda ya san shi. A gida yakan ba mu ɗai-ɗai, da sharaɗin kada a yar da ƙwallo a waje, sai dai a jefa a wuta. Ƙwallayen nan a wutar Inno suke ƙarewa. Tana kallonsu har su ƙone.

Amma ina ake ɓoye bishiya a ƙauye? Wata rana Baffa Jelani ya yi sallama a zaurenmu, bayan doguwar gaisuwa ya ce, "An ce wagga taka ta bakin ruwa ta yi kyawo. In haka na, mu samu rassa in ruwa ya kusa." Baba ya ce, "Kyawon ido na kawai, Baffa. Ciki duk tsutsa." Ina zaune a wurin, da ƙwallon wadda na gama ci a kumatuna. Na rasa yadda zan yi da shi, sai na haɗiye.

A daren ne Inno ta fito da wata tatsuniya da ba mu taɓa ji ba, kuma na lura ta ɗaga murya fiye da kullum.

Wai an yi wata shekara ta yunwa, hatsi ya ƙare har iri. Sai kurege da zabuwa da bushiya da gafiya suka bazu duniya neman abin shuka. Kowa ya dawo da 'yar tsabarsa, suka zuba a ƙwarya guda suka gauraya, suka raba. Suka yi rantsuwa cewa wanda nasa ya yi, na kowa ne. Na kurege rana ta ƙone, na zabuwa fara ta cinye, na bushiya ko tsiro bai yi ba. Na gafiya kuwa ya yi zangarniya har tana taɓa ƙasa. Da dare ta yanke, ta ja cikin rami, ta toshe ƙofa da duwawunta, ta leƙo da kai tana kukan ita ma nata ya ƙone. Inno takan kwaikwayi kukan gafiya da kumatu a kumbure, mu yi ta dariya har da birgima. Sauran kuma suka zauna a bakin ramin suna ba ta haƙuri, ga hadari na haɗowa a gabas, ga ba su da abin shukawa.

Nan Inno ta tsaya. Ta ɗauki kara tana tona wuta.

Muka ce, "Sai me, Inno?"

Ta ce, "Ƙarshenta ba shi hannuna. Mai ramin ad da shi."

Washegari ita ta sake yi, jibi ma ita. Muka roƙa a canza mana, ta ce tsufa ya kwashe sauran, wannan kaɗai ta rage mata a kai. Kullum tana ƙara wani abu, yau gafiya ta yi ƙiba har ramin ya matse ta, gobe 'ya'yanta sun daina fita wasa don kada a ga tumbinsu, amma a bakin ramin nan take tsayawa. A bayan zana kuwa, da ta fara sai a ƙara wa rediyo murya. Ni a wautata ban haɗa komai da komai ba, ina cikin masu tafi.

Mode ne ya fasa ƙwan. Ɗan Baffa Jelani ne, sa'ana, abokin kiwona, kuma yaro ne da abin da ke cikinsa shi ke bakinsa. Wani dare Inno na tsakiyar kukan gafiya, sai ya ce, "Inno, wai gahiyag ga ita ma tana da magarya bakin gulbi? Innarmu ta ce tana da ita." A bayan zana aka kashe rediyo. Yaran maƙwabta duk suka juyo suna dubana, ba Inno ba, ba zana ba, ni. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan dare ba. Na ji da ma ƙasa ta tsage in shige, na ji haushin Mode, na ji haushin Inno da ta tara mana jama'a, sannan na ji haushin kaina da nake jin kunyar ubana. Inno dai ta ce, "Ci dankalinka, ɗan nema," ta tashi ta shige ɗaki. Sai da na girma na gane cewa ita ta fi ni shan kunya, domin ɗanta ne, kuma ba ta da bakin da za ta ce masa kul.

Duk da haka Baba bai sakko ba. Bazara ta wuce, lokacin auren itace ya zo ya wuce, babu wanda ya sami ko tsinke. Mutane ba su yi masa faɗa ba, gaisuwa ce kawai ta gajarce. Da damina ta yi nisa, gulbi ya kawo irin kawowar da ya daɗe bai yi ba, ya ci gaɓar lambunmu cikin dare ɗaya. Da gari ya waye babu magarya, babu ƙayar da aka kewaye ta da ita, sai jan ruwa yana wucewa. Babu reshenta a lambun kowa, ƙwallayenta kuma mun ƙone su da hannunmu. Wahalar mutum goma ta bi ruwa saboda mutum ɗaya, kuma mutumin nan a gidanmu yake kwana.

Da sanyi ya dawo, yaran maƙwabta ba su cika zuwa ba. Wani dare muna zaune mu kaɗai, sai ga Baba ya zagayo zana, abin da bai taɓa yi ba. Ya tsuguna nesa kaɗan da wuta, ya dube ni ya ce, "Tambayi tsohuwa, yaya tatsuniyag ga taƙ ƙare?"

Inno ba ta ɗago ba. Ta daɗe tana juya garwashi, sannan ta ce mini, "Hwaɗa mai, ruwa ya shiga rami ya ɓata hatcin. Su kurege sunka sake hita nema, sunka wahala, sunka samu. Ran da sunka yi rabo, sai sunka aje ma gahiya nata bakin rami."

Na ce, "Ba su duke ta ba?"

Ta ce, "Duka ai sauƙi na, mai gidana."

Ban isar da saƙon ba, don ya riga ya ji. Ya tashi ya koma rumfarsa, kuma rediyo bai yi magana ba a daren.

A lokacin na ɗauka gafiya ta ci bulus. Sai bayan shekaru na ga abin da ido. Su Baffa Jelani ba su daina ba, suka sake shuka, suka sake jira, har suka sami wata. Ba ta kai wadda ruwa ya ci ba, amma tana jure zafi, kuma ita ce yau ta cika lambuna daga Jabo har Dogon Daji. Ranar da aka fara rabon rassanta, Inno ta riga ta rasu. Baba bai je ba. Da la'asar sai ga Mode da ɗauri a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu, ya ce Baffa ya ce a fara da gidanmu. Baba ya karɓi rassan. Ya yi musu aure, suka kama, suka yi 'ya'ya, amma har ya koma ga Allah ban ga ya sa ɗaya a baki ba.

Yanzu ni ke riƙe da lambun, Mode kuma shi ne ya gaji babansa a shugabancin masu lambu, kuma har yau ana raba ƙwallaye ana jira. Na sha ba 'ya'yana labarin nan ina girgiza kai, kamar ni an wanke ni da ruwan zamzam. To bana wata ta fito a wurina. Ranar da na gatsa na ji ƙaras ɗin nan da na sani tun ina yaro, wallahi abin da ya fara zo mini ba Mode ba ne, ba alkawari ba ne. Waiwayawa na yi in ga ko wani ya gan ni. Kafin magariba na sare ƙaya na kewaye ta, ina ce wa kaina saboda awaki ne. Sanyi ya wuce ban faɗa wa kowa ba. A nan na daina ganin Baba a matsayin wani mugu na dabam. Mutum ne da ya daɗe yana wahala, ya ga abu mai kyau sau ɗaya a hannunsa, ya kasa buɗe hannun. Na kuma gane abin da ya sa Inno ta ƙi ƙarasawa: muddin ba a ƙarasa ba, gafiya na da damar fitowa da kanta.

Ran taron rabon rassa, Mode ya fara miƙo mini ɗaurin gidanmu kamar yadda aka saba. Na riƙe shi, na ji ya yi mini nauyi. Na ce, ba tare da na dube shi ba, "Gobe ku biyo lambuna da wuƙaƙenku. Akwai wata."

Na zaci za a yi mamaki. Babu wanda ya ko motsa. Mode ya ci gaba da ɗaure rassa, ya ce, "Mun sani. Tun da sanyi munka ga ƙaya. Kai muka jira."

Na sunkuyar da kai. Furfura a gemuna, amma kunnuwana suka ɗau zafi kamar ina zaune gaban wutar Inno.