Burodin Da Na Zuba A Tafki

Shekaru sun yi nisa, kuma ba zan rantse a kan kowace kalma da zan rubuta a nan ba. Mai yiwuwa na haɗe ranaku biyu sun zama ɗaya, mai yiwuwa kuma na sa wa wani maganar da ba shi ya yi ta ba. Abin da na tabbatar shi ne, 'yan shekaru ne bayan samun 'yancin kai, damina ta ɗauke, ana shirin yankan dawa. Ni kuwa na dawo ƙauyenmu da ke tsakanin Likoro da Makarfi da takardar gama jami'a a akwati, ina jiran wasiƙar aiki da ta ƙi zuwa.

Zaman jira bai karɓe ni ba. Tun ina ƙarami ni mai yawan saƙe-saƙe ne. In na je gona, Baffa, ƙanen mahaifina da ya riƙe ni tun rasuwarsa, sai ya karɓe lauje daga hannuna ya ce in koma inuwa. In na zauna a zaure, duk wanda ya zo wucewa sai ya leƙo ya ce, "Malam, takardar ta iso?" Dole na nemi abin da zai fitar da ni daga gari da la'asar.

A bayan fadamar rake akwai wani tafki da rafi ke bari idan ya janye. Akwai karfasa a ciki, amma mutanenmu ba masunta ba ne. Sau ɗaya a shekara, in ruwa ya ja baya da rani, ake shiga da kwanduna a kwashe abin da aka samu. Mai yin fatsa kuwa, in ma an samu, da tana yake yi.

Ni wata hanya daban na koya a Zariya, wajen wani Banufe mai gadin ɗakunan kwananmu. Ya ce mini karfasa tana son burodi, amma matsoraciya ce, ba a zuwa mata da ƙugiya ranar farko. Sai ka zaɓi wuri mai inuwa a bakin ruwa, ka jiƙa burodi ka marmasa, ka watsa, ka tafi abinka. Gobe ka dawo daidai lokacin ka sake. In ta saba, bayan kwana uku ko huɗu, sannan ka murza tsakiyar burodin kamar ƙwayar gyaɗa ka rufe bakin ƙugiya da shi. Na bi maganarsa tiryan-tiryan, har na ƙara kwana biyu don gudun gaggawa. Ina jin wannan ƙarin ne ya ja mini.

Ga abin da ban yi tunaninsa ba. Inuwa ɗaya ce a bakin tafkin, gindin wata tsohuwar tsamiya da mata ba sa yarda su bi ta ƙarƙashinta da tsakar rana. Burodi kuma a lokacin ba abincin kowa ba ne. Ranar kasuwar Makarfi ake kawo shi a mota, a sayo wa mara lafiya ko baƙo. To sai ga mutum da farar riga, shi kaɗai, kullum bayan la'asar yana zuwa gindin tsamiya, ba sanda ba zare, ya tsuguna, ya zuba burodi a ruwa, ya yi shiru yana kallo, ya tashi. Kwana shida. Masu aikin rake sun gan ni, mun ma gaisa. Ba wanda ya tambaye ni, ni kuma ban ga abin bayani ba.

Kakata ce ta fara gaya mini, cikin wasan da muka saba.

"Maigida, ashe masu ruwa kake ciyarwa da burodi, ni ka bar ni da kunu ko sukari babu?"

Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

"Yi dariyarka," ta ce. "Gari ya ɗauka. An ce sadaka kake kai wa mutanen tsamiya don takardarka ta fito."

Washegari Baffa ya kira ni zaure. Na tarar da Liman zaune a kan buzu. Baffa ne ke jan salla in Liman ba ya nan, kuma daga baya na ji cewa wasu sun fara faɗin ba za su bi mutumin da ake tsafi a gidansa ba. Bayan doguwar gaisuwa, Liman ya yi magana a hankali, don shi ba mai zafi ba ne. Ya ce abin mai sauƙi ne. Gobe bayan Azahar in miƙe a masallaci in ce na tuba, magana ta mutu.

"Allah gafarta Malam, in tuba daga me?"

"Daga abin da aka gani."

"Kifi nake kira."

"Da burodi?" in ji Baffa. "Kifin ɗan sarki ne? Kuma ina ƙugiyar? Da baki za ka kama shi?"

Na yi bayanin Banufen nan da kwana ukunsa. Ni kaina ina ji bayanin ba ya shiga. Liman ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Kalma ɗaya ce, ɗana. Wa ya fi ƙarfin tuba?"

Ya kamata in faɗi irin mutumin da nake. Ni ne wanda in an taka masa ƙafa a mota shi zai ba da haƙuri. Ban taɓa musu da Baffa ba, ko a kan gishirin miya. Muryata na rawa, amma na ce, "Ina tuba kullum tsakanina da Ubangijina. Sai dai in na miƙe gobe na faɗa a gaban jama'a, abin da za a ji shi ne na yi. Ban yi ba, kuma ba zan faɗa ba. Gobe ku zo bakin ruwa ku gani."

Ina rufe baki na fara nadamar jimlar ƙarshe. Ban taɓa jefa ƙugiya a tafkin ba. Ban san ko dabarar Zariya za ta ci a nan ba.

Sun zo. Ban ƙirga ba, amma ba su kasa ashirin ba. Na zauna a gindin tsamiya da sandar gora da zare, da guntun karan dawa da zai nuna mini in an taɓa. Na roƙe su su ja baya, don inuwar mutum na korar kifi. Wani daga baya ya ce, "Ku matsa, mutanen nasa ba sa son taro!" Aka kwashe da dariya. Sau biyu burodin na narkewa ya bar ƙugiya tsirara, saboda gumin hannuna ya sa na jiƙa shi fiye da kima. Na uku na murza shi sosai. Karan ya tsaya cik a kan ruwa. Na ji wasu sun fara sallama za su tafi ba da ruwa ga dabbobi. Ban waiwaya ba, don na san in na haɗa ido da Baffa zan naɗe zaren.

Sai karan ya ɗan girgiza, ya kwanta, ya nutse. Na ɗaga. Karfasa ce kamar tafin hannu, tana walƙiya tana bugun ƙasa. Kafin rana ta yi ja na fito da biyar, ko shida.

Na ɗauka an gama. Sai wani dattijo mai rake ya dubi kifin ya ce, ba da wasa ba, "To ai ga shi nan. Sun biya shi."

A nan na gane ba kifin da zai wanke ni wajen wanda ya riga ya yanke hukunci. Liman ya matso ya ce mini a kunne, "Ni na gamsu. Amma ka faɗi kalmar don gari ya zauna lafiya." Na ce, "Allah gafarta Malam, a yi mini haƙuri, a'a." Wannan karon muryata ba ta yi rawa ba, ko kuma haka nake so in tuna.

Baffa ya tsinko ciyawa. Ya zura ta a bakin kifayen, ya riƙe da hannunsa, ya bi ta tsakiyar gari da su. Ya sa aka soya, aka kawo masa ƙofar gida, ya zauna a kan tabarma yana ci yana cire ƙaya. Duk wanda ya zo wucewa sai ya ce, "Bismilla." Wasu sun zauna sun ci. Wasu sun ce sun ƙoshi. Har ya rasu bai taɓa ce mini ya yarda da ni ba, ni ma ban tambaya ba. Na dai san duk ranar da ya ja salla a watannin nan sahu ba ya cika, kuma bai sake kawo mini maganar tuba ba.

Na ci gaba da zuwa gindin tsamiyar kullum da burodina, a fili, ta hanyar da kowa zai gan ni. Gaskiya daɗin abin ya riga ya fita daga raina. Amma in na daina, za a ce tuban ne na yi a ɓoye. Haka na yi har aka tura ni aiki wajen Ikara.

Da ban rubuta wannan ba. Amma kwanan baya a wajen wani bikin suna a Paki, wani mutum da ba a ma haife shi ba a lokacin ya ji sunan ƙauyenmu, ya ce ai a can ne aka yi ɗan bokon da aljanu suka samo wa aiki. Na ce masa ni ne, kuma labarin aljanun ƙarya ne.

In akwai wanda ya rage cikin waɗanda suka tsaya a bakin tafkin ranar nan, ina roƙonsa ya aiko mini da gyara. Yawan kifin, yawan mutanen, wanda ya yi ba'ar taro, duk zan karɓa in gode, don na san ina iya kuskure a kansu. Wanda kuma zai aiko cewa na miƙe a masallaci na tuba, ya haɗo da sunan wanda ya ji da kunnensa.