Karima da kashin shanun kawunta

Karima 'yar garin Ibohamane tana da saurin baki, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba. Tun tana lakkol, 'yar firamare, take mayar wa manya magana, in an yi mata faɗa ta ce haka Allah ya yi ta. Kanta kuwa yana ja, shi ya kai ta jami'a, sashen makamashi mai sabuntawa.

A shekarar ƙarshe kowane ɗalibi sai ya yi bincike na hannunsa kafin a ba shi lisans, wato digirin farko. Guraben da ke ɗakunan gwaji na Yamai kaɗan ne, masu dogon hannu suka cinye su. Karima ta zaga ofis-ofis har takalminta ya tsinke. Daga ƙarshe malaminta ya ce ta koma gida ta haɗa abin da ke fitar da gaz ɗin girki daga kashin shanu, ta auna abin da yake bayarwa kullum, ta kawo sakamako kafin damina. In ba ta kawo ba, shekarar ta tafi.

Ta haɗa shi a bayan ɗakin uwarta da tano biyu, wato manyan ganguna, da tiyo. Abin ba wuya, sai dai yana son ɗanyen kashi kowace safiya, kamar jariri da nono. Busasshen da mata ke tsinta a daji don hura wuta ba ya yi.

An gama girbi, kawunta Abdurrahman ya sauke wani makiyayi, Bilal, da garkensa a gona, yadda aka saba: manomi ya ba da dammunan hatsi, shanu su kwana su bar taki. Karima ba ta tambayi kowa ba. Kashi ne, a ganinta, wa zai yi rowarsa? Ta riƙa zuwa da bokiti da sassafe. Bilal yana kallo bai hana ta ba, don an riga an biya shi.

Wuta ta fara kamawa, shuɗiya, babu hayaƙi. Uwarta ta dafa shayi a kai, maƙwabta suka cika gidan kallo. A bakinsu kawu ya ji inda takinsa ke zuwa. Washegari ya tare ta a bakin gona, ya ce kowane tuli da ke nan da hatsin iyalinsa ya saye shi, kuma gonar tudu ce, in ba taki ba ta ba da komai.

Gaskiya tana wajensa. Ita ma tana da tata, don abin da ke fitowa daga tano bayan gaz taki ne, har ya fi ɗanyen saurin shiga ƙasa. Da ta faɗi haka a hankali, da an daidaita. Sai ta ce, "Kawu, ashe har kashi gadinsa kake yi?"

"Ina gadinsa, ɗiyata. Shi ka ciyar da ke tun ba ki san boko ba. Aje bokitin."

Ba ta ajiye ba, ta kifar da shi a gabansa. Daga ranar ya hana ta gonar, sauran manoma kuma ba wanda zai ba yarinyar da ta kunyata kawunta. Ta bi hanyar mashaya tana tsintar abin da shanu suka zubar, bai kai rabin bokiti ba. Wutar ta yi ta ƙanƙancewa har ta mutu. Kafin uwarta ta shawo kan ɗan'uwanta, Bilal ya tashi da garkensa. 'Yan ajinta suka karɓi lisans, ita aka ce sai baɗi.

Har yanzu tana Ibohamane, tano yana nan, ta wanke shi. Ta je ta gai da kawu, gaisuwar ba ta yi tsawo ba. Yanzu gida-gida take bi, wajen matan da ke da saniya ɗaure a turke, tana faɗa musu abu ɗaya: "Inna, ba kyauta nika so ba, aro ne. Ki ba ni kashin saniyarki bokiti guda da sahe tun rana ba ta busar da shi ba, in maido miki bokiti guda na taki, ni da kaina in kai shi gonarku."