Matar da ta leƙa randunan Ambassatna

Kullum bayan sallar asuba, kafin masu ƙosai su hura wuta, Inna Zaliha ta riga ta yafa gyale ta ɗauki ludayinta. Gida-gida take bi a unguwar Ambassatna da ke N'Djamena. Da ta yi sallama sai ta wuce gindin randa, ta ɗebo ruwa, ta ɗaga ludayin ga haske tana neman tsutsotsin da ke rikiɗa su zama sauro. Shekara talatin da 'yan kai tana aikin duba-gari, kuma a wannan watan ta ajiye shi.

A duk shekarun nan babu wadda ta gwada ta kamar 1980. Yaƙi ya raba N'Djamena biyu, famfo ya ƙafe, kowa ya tara ruwa a duro da tsofaffin gwangwanaye. Damina na sauka sauro ya cika gari, zazzaɓi ya shiga kwantar da yara. An rufe ofishin tsafta, abokan aikinta sun haye kogi zuwa garin Kusuri, ƙetaren iyaka. Ita ta tsaya. Gidan da ta tarar da ruwa a buɗe, sai ta ja layi da gawayi a jikin ƙofa don ta tuna ta dawo.

Layin nan ne ya jawo mata. Lokaci ne da mutum ke rage murya in maƙwabcinsa ya wuce. Sai aka fara raɗe-raɗi: wa ya aike ta, tunda ofis a rufe yake? Randuna take dubawa ko samarin gida? Ranar da mayaƙa suka tafi da Ladan, ƙanen Inusa mai shago, aka duba ƙofar gidan, sai ga layin gawayi.

Malam Mijinyawa, dattijon Hausawan unguwar, ya kira ta zaure, maza sun cika.

"Zaliha, hanyar Makka ɗaya ce ta ajiye kakanki da nawa a garin nan. Faɗa mini tsakaninki da Allah, wa kike yi wa alama?"

"Sauro, Baba."

Inusa ya miƙe. "Sauro ne ya zo da mota ya ɗauke mini ƙane?"

Ta roƙa a ɗebo ruwan duron gidansa. Aka kawo a farin kwano, tsutsotsi na ta wutsil-wutsil a ciki.

"Ga waɗanda nake bi," in ji ta. "Kwana huɗu ke nan 'yarka Delu na rawar ɗari. Ladan kuwa, wallahi ban sani ba, kuma ba ni da abin da zan nuna maka."

Babu wanda ya ba ta haƙuri. Malam Mijinyawa ya ce kada ta ƙara yin alama. Ta bi ƙofofi tana gogewa da bakin gyalenta, ana kallonta ta saman katanga. Rabin gidajen suka hana ta shiga. Sai ta koma tsayawa a waje tana ɗaga murya: "A rufe duro! A kife gwangwani! A sa yara cikin gidan sauro!" Mariya, matar Inusa, ita ta fara buɗe mata a ɓoye in mai gida ya fita. Delu ta tashi. Ladan bai dawo ba, kuma har yau Inusa ba ya amsa gaisuwar Zaliha.

Inna, ke ce uwar da aka rufe wa ƙofa ba ta yi fushi da yaran gidan ba. Ke kika zaɓi a zarge ki maimakon a binne su. An taɓa tambayarki ko abin bai yi miki ciwo ba, kika ce ya yi, amma sauro ba ya jiran a gama bincike.

Mun gode, Allah Ya saka miki, Ya ba ki hutu cikin lafiya. Mu da muka rage, duk wanda ya ga aikin da zai tsirar da ɗan maƙwabci, to ya yi shi yau, ko da maƙwabcin bai yarda da shi ba tukuna.