Jafaru Baduku da Jakar da Ta Sha Manja

Malam Jafaru haifaffen unguwar Sabo ne. Mahaifinsa ya zo Ibadan fataucin goro, bai koma ba. Shi kuwa ya tashi a rumfar kawunsa baduku, inda ya koyi riƙe basilla tun kafin ya iya ɗaura rawani. Yau furfura ta rufe kansa, amma yana nan a bayan masallaci, yana ɗinka kube da jaka, yana kuma farfaɗo da waɗanda suka tsufa.

Wata rana da hantsi, Ramlat, ɗiyar marigayi Mahmudu, ta diro daga okada rungume da leda. Jakar mahaifiyarta Hajiya Azumi ce a ciki, wadda marigayin ya sa mata a lefe. Hajiya ta tafi Kano suna. Da ta bugo waya sai ta ce fatar jakar ta bushe, a shafa mata mai kafin ta dawo. Man kaɗe take nufi. Ramlat kuwa da Yarbanci ta girma, inda kalma ɗaya take ɗauke da mai da manja. Ta shafa manja, ta kuma shafa da hannu sake.

Malam Jafaru ya sunsuna, ya yi dariya har hularsa ta karkace.

"'Yar nan, gyara kike so, ko amala zan aika a sayo mu ci da ita?"

"Baba, ka daina! Jumma'a za ta sauka tashar Ojoo. Ba abin da mahaifina ya bar mata da take so kamar wannan."

Ya daina. Ya binne jakar a cikin garin alabo don ya tsotse maiƙon, ya kakkaɓe, ya sake binnewa. Ya goge ta da ɗanyen tsumma, ya shanya a inuwa, domin rana tana tsaga fata. Maiƙon ya fita, sai dai dabbare-dabbaren ja ya ƙi. Yana cikin sake ɗinkin hannunta ne ya ɗaga bakin aljihun ciki, inda hannu da rana ba su taɓa kaiwa ba, sai ga fatar ja jawur. Ashe shekaru ne suka koɗar da ita. Ya jiƙa karan dafi ya rina ta gaba ɗaya, sannan ya bi ta da man kaɗe.

Ranar Asabar Hajiya Azumi ta zo rumfar da kanta, jakar a hammata, Ramlat tana ɓoye a bayanta.

"Malam, wa ya gaya maka launinta? Haka take ranar da aka buɗe akwatuna."

"Ramlat ce ta fara rinin, Hajiya. Ni ƙarasawa kawai na yi."

Hajiya ta juyo. Ramlat ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa don dariya.