Ƙofar da Muka Fasa ta Lungun Alhaji

A zangon da nake koya wa ɗalibai yadda Amurkawa suka ɓalle daga Ingila, a zangon ne ni da Yayana muka ƙudura fasa ƙofa a katangar gidanmu. Ni malamin tarihi ne a wata kwaleji a nan Keffi, kuma abin da na karantar da safe shi nake gani a fuskokin mutane da yamma.

Gidanmu na gado ne a unguwar Yara, sassa da yawa, zaure ɗaya. A zauren nan Baffa yake wuni, ƙanen mahaifinmu, wanda riƙon gida ya koma hannunsa. Matata tela ce. Masu kawo mata ɗinki har da 'yan jami'a da matan ƙabilun Mada da Eggon, Baffa kuwa sai ya tsayar da mace ya tambaye ta 'yar wane ce, wa take nema, ina mayafinta. Ɗaya bayan ɗaya suka ɗauke ƙafa, keken ɗinki ya yi shiru. Na yi masa magana cikin ladabi, ya ce tun ba a haife ni ba haka zauren yake.

A aji kuwa ina bayyana hujjar mutanen can: dokar da ba a shawarce ka a kanta ba, ba ta hau kanka ba, mulki kuma da yardar waɗanda ake mulka yake tsayawa. Ɗalibai suna rubutu, ni ina hango zauren Baffa. Wallahi har muryata tana tashi.

Matsalar ita ce sashenmu ba ya kallon titi. In za mu fasa, sai dai ta lungun maƙwabcinmu, wani Alhaji dillalin doya, wanda ba sa ga maciji da Baffa tun wata rigimar indararo da aka yi ina yaro. Yaya ya ce, "Kai ne mai baki, kai za ka je."

Na je ina tsammanin jan rai. Ina! Alhaji ya miƙe tsaye, ya sa aka kawo kunun aya mai sanyi.

"Ɗana, ai lungu naku ne," in ji shi. "Akwai ƙofar ƙarfe a shagona tana tsatsa, ku ɗauka. Maginina ma zai yi muku aikin."

Na fito ina tambayar kaina. Mutumin da in ƙwallon yara ta faɗa gidansa sai ya huda ta? Ruwa ba ya tsami banza. A makon nan na gaya wa ɗalibai cewa sarkin Faransa bai ba Amurkawa jirage da albarushi don ƙaunar 'yanci ba, Ingila yake so ya ga ta durƙusa. Na faɗa wa Yaya haka, ya yi tsaki.

"Kai dai ka cika zargi. An ba ka, karɓi ka ce madalla."

Washegari na durƙusa gaida Baffa. Ya amsa yana jan carbi, sannan ya ce, "An ce kunun ayar gidan can akwai sanyi."

Wa ya kai masa? Jakadun Amurka da suka zauna a Faris neman taimako, sakatarensu da suke ci tare shi yake sayar wa Ingila duk abin da suka tattauna, ba a gane ba sai bayan duk sun mutu. Daga ranar na fara kallon kowa a kaikaice. Matar Yaya da take aika wa Baffa fura. Maginin da ya zo auna katanga yana waige-waige. Yaya kansa, wanda Baffa ya yi wa aure. Har matata na tsare da tambaya, ta ajiye almakashi ta dube ni.

"Malam, ni da ake korar mini masu ɗinki, ni zan kai rahoto? Allah ya sawwaƙe maka."

Da na koma wurin Alhaji don a tsayar da rana, sai ya rage murya.

"Abu ɗaya, ɗana. Kada ku ce wa tsohon nan uffan. Ranar da zai tafi gonarsa a Agwada magini zai zo. Ya dawo ya tarar an gama."

Yana faɗa yana murmushi, ga wani sabon benci ya riga ya sa an ajiye a bakin lungun. A nan na ga inda ya dosa. So yake Baffa ya dawo da ƙurar gona a ƙafa ya ga rami a katangar ubansa, shi kuma yana zaune yana kallo.

Faransa ma alkawari ta karɓa daga Amurkawa kada su sasanta da Ingila su kaɗai. Da suka zarge ta, suka zauna da Ingila a bayan idonta suka gama magana, daga baya tsohon cikinsu ya je ba da haƙuri. Na ce tunda su sun yi sun kwana lafiya, ni ma hanyar zan bi. Yaya ma ban gaya masa ba, don har lokacin ban wanke shi ba.

Da hantsi na sami Baffa shi kaɗai, na ajiye goro a gabansa, na zayyana komai: ɗinkin da ya tsaya, ƙofar da muke so, da cewa ba raini ba ne. Ya saurare ni har na ƙare.

"Ka gama?"

"Na gama, Baffa."

"To ku fasa. Amma ba bare ne zai fara saran katangar ubana ba."

Shi ke nan? Sauƙin nan ya fi faɗa ba ni tsoro. Na yi ta juya maganar ina neman tarkon da ke ciki, ban samu ba.

Ranar aikin Baffa ya fasa zuwa Agwada. Ya shigo sashenmu da diga, ya yi bismillah, ya sara da hannunsa, ya yi addu'a, sannan ya miƙa wa magini. Da ramin ya buɗe, fuskar da Alhaji ya fara gani daga bencinsa ta Baffa ce. Ya tashi ya shige gida, ya aiko a mayar masa da ƙofar ƙarfensa. Har yau in na gaishe shi kai yake kawarwa. Muka rataya ta langa-langa. A makon mata suka dawo, keke ya ci gaba da kuka, na ce wa Yaya ya ga amfanin karatun tarihi.

Wata safiya na nufi hanyar ciki da muke bi mu gaida Baffa, sai na ci karo da bulo, siminti ko bushewa bai yi ba. Magini yana wanke cebur ya ce Baffa ne ya sa shi, wai gida ɗaya ba ya ƙofa biyu, wanda ya fasa ƙofa ya yi gidansa.

Na fita ta sabuwar ƙofata, na bi lungun Alhaji, na zagaya titi na zo bakin zauren da na yi rarrafe a cikinsa. Ban san lokacin da na tsaya na yi sallama ba.

Baffa ya amsa da fara'a. Ya miƙe, ya sauko da tabarmar baƙi daga ƙusa, ya shimfiɗa mini.

"Bismillah, Malam. Yaya iyali? Yaya mutanen gidanka?"

Bai taɓa ce mini Malam ba, da sunan yarinta yake kirana. Na bincike fuskarsa ina neman fushi ko gatse, ko ɗaya ban gani ba, kuma wannan ne ya ƙona mini rai. Da zagina ya yi da na san har yanzu ɗansa ne ni. Ya sa aka kawo mini ruwa a kofin baƙi, na sha. Muka taɓa zancen damina kaɗan, na ce zan wuce makaranta.

Ya rako ni har bakin zaure, ya tsaya a dokin ƙofa.

"Madalla da ziyara," ya ce. "Ka gaida gida."