Jan Zare a Jikin Kwali

Ni ban yi boko ba. Gwaggona ce ta riƙe ni a Kagara tun ina ƙarama, sai da na kai shekara goma sha ɗaya aka dawo da ni gidanmu a Sabon Garin Minna, lokacin kuwa an ce na yi wa aji ɗaya girma. Yau ga ni da jikoki, ɗaya daga cikinsu ce ma ke rubuta wannan, ina faɗa tana bi. Amma akwai aikin makaranta guda ɗaya a duniya da hannuna ke ciki.

A wancan zamanin gida ɗaya ne ke da talabijin a layinmu. Babanmu ma'aikacin reluwe ne, gidanmu kuwa in jirgin ƙasa ya yi kuka sai ka ji kamar a tsakar gida yake. In an sauke tuwon yamma an yi sallar magariba, Kaka ba ta bari a kashe murhu. Sai ta jawo kujerarta 'yar tsugunno kusa da garwashi, mu kewaye ta, har da 'ya'yan maƙwabta waɗanda Hausarsu ba ta gama nuna ba. A cinyarta kullum akwai wata tsohuwar ƙwarya da ta taɓa tsagewa, ta ɗinke ta da jan zare.

Kaka ba mai yawan dariya ba ce. Sai ta dubi wuta ta daɗe, sannan ta ce, "Ga ta nan tafe, ku ba ta hanya."

Mu ce, "Ta shigo, mun matsa."

Tatsuniyar da muka fi so ita ce ta yarinyar da aka yi yunwa a garinsu. Uwarta ta ga abinci ba zai ishe su ba, sai ta haɗa ta da matafiya, ta ba ta ƙwarya ɗinkakkiya da jan zare, ta ce da ita za ta riƙa shan ruwa. Yarinya mai ƙwaryar jan zare ta kama hanya. Daji ya ce ba za ta wuce ba sai ta ba shi wani abu, ta ba shi zanenta, ya ba ta na ganye. Kogi ya tare ta, ta ba shi harshen garinsu, ya ba ta wani. Birni ya karɓe sunanta ya raɗa mata sabo. Kowannensu ƙwaryar ya fara nema, ta hana. Da ta girma ta komo gida, ta tarar uwar ta tsufa, ido ya tafi. Ta yi magana, uwa ba ta ji yaren ba. Ta faɗi suna, uwa ba ta san shi ba. Sai ta miƙa mata ruwa a ƙwarya. Uwa ta shafa ta shafa, yatsanta ya hau ɗinki, ta ce, "Ni na ɗinka wannan."

Duk sanda Kaka za ta ambaci yarinyar, ba ta cewa "yarinyar" kawai. Sai ta ce "yarinya mai ƙwaryar jan zare", ta ƙwanƙwasa ta cinyarta sau biyu da farce. Ko sau ashirin ne a zama ɗaya. Mun ɗauka tsufa ne.

Yayata Ladi ita ce 'yar bokon gidanmu. Tana shekarar ƙarshe a makarantar da ake koyon aikin rediyo da talabijin. Aikinsu na fita shi ne kowa ya zana labari a kwalaye, a ɗauki kwalayen ɗaya bayan ɗaya da kamara, a ɗora murya. Ta naɗi Kaka a kaset, ta yi wata guda tana zane, kwali goma sha biyu, kowanne da rubutu a ƙasa. Malaminsu kuwa yana da wata al'ada da ɗalibai ke tsoro: ranar dubawa yakan kashe sauti, ya kira wani dattijo ɗan Garatu, mai gadin ƙofar makarantar, wanda bai iya karatu ba, Hausarsa ma ba ta nuna ba, ya zaunar da shi gaban talabijin. In dattijon ya iya ba da labarin, ka ci. In ya kasa, sai baɗi. Baba kuma ya riga ya faɗa cewa babu wata baɗi, in ta faɗi ta dawo gida ke nan.

Saura kwana huɗu ta fara nuna mini. Kai, zanen ya yi kyau! Ga bishiyoyi, ga kogi har da kifi, ga mata cikin atamfofi kala-kala. Ta ce, "Jummai, kin gane?" Ban gane ba. Amma na ji kunyar a ce don ban iya karanta na ƙasan ba ne, sai na ce, "Ya yi kyau, Yaya."

Da yamma ta jera su a jikin bango, ta kawo fitilar ƙwai. Kaka ta duba na farko ta gyaɗa kai. Ta duba na uku.

"Wannan 'yar wa ce?"

"Ita ce mana, Kaka."

"Wa?"

"Yarinyar. Ai daji ya sake mata zane."

Kaka ta matsa gaba. "To wannan mai ɗaurin ɗankwali kamar za ta biki fa?"

"Ita ce dai, ta girma. Ga shi nan na rubuta a ƙasa."

"Au, kin rubuta." Kaka ta juyo gare ni. "Jummai, mata nawa kika gani a bangon nan? Kada ki dubi yayarki, ni za ki duba."

Na sunkuyar da kai na ce, "Shida."

"Ni bakwai na ƙirga. Malama Ladi, na ba ki yarinya ɗaya kin haifo mini bakwai, ko suna ba ki gayyace ni ba."

Yara suka fashe da dariya, amma Yaya Ladi ba ta yi ba. Idonta ya kawo ruwa. Ta ce kwana huɗu ba za su isa a sake zane goma sha biyu ba, jan fentinta ma ya ƙare tun a kan atamfofi.

Kaka ta sake bin kwalayen da ido. Sannan ta ce, "Ina ƙwaryar? A na farko na gan ta, a na ƙarshe na gan ta. A tsakani wa kika ba ajiya? Kina ji ina maimaita ta har kuna cewa na rikice. Yaran nan wani ya yi gyangyaɗi, wani uwarsa ta kira shi ya dawo, wani Hausar ma rabi yake ji. Ina ƙwanƙwasawa ne don duk wanda ya ɓata ya san inda yarinyar take. Ki sake mata zane, ki sake mata fuska, ba komai. Amma ki bar wa mai kallo abu ɗaya da zai riƙe ta da shi."

Ta aike ni ɗakinta na ɗauko gwangwanin da take ajiye allura da zare. Yaya Ladi ta bi kwalayen da fensir, ta sa wa yarinyar ƙwarya a kowanne, wani a ka, wani a hannu, wani a gefenta tana barci. Mu kuma muka bi da allura muna huda kwali, muna ɗinka jan zare na gaske a kan tsagar. Kaka ta yi biyar idonta ya gaji, na ƙarasa bakwai cikin kwana biyu. Yatsuna duk suka yi tsami. A na ƙarshe Kaka ta sa aka sake zane ɗungum: ta ce a cire gida, a cire kaji, a cire maƙwabta masu kallo, a bar hannun tsohuwa da ƙwarya kawai, su cika kwalin.

Ranar dubawa ba mu iya cin abincin rana ba. Da la'asar sai ga Yaya Ladi da gudu, takalmi a hannu. Ta ce dattijon ya zauna yana kallo har kwali na huɗu, sai ya miƙa yatsa ya ce, "Wannan yarinya, shi ne dai. Ga kwarya nashi." Daga nan ya riƙa binta har ƙarshe. Da hannun tsohuwa ya cika gilashin talabijin, sai ya cire hularsa ya riƙe, ya ce, "Mama ya gane shi."

Kaka ta ce, "Madalla." Iyakar abin da ta ce ke nan, ta ci gaba da tsince wake.

Yaya Ladi ta sami aiki a Ikko, ta yi shekaru ba ta zo ba. Da ta zo, Kaka ta daina gani, ita kuma Yaya ta yi jiki, maganarta duk Turanci ya shiga. Ta durƙusa ta gaishe ta, Kaka ta amsa irin amsar da ake yi wa baƙo. Sai Yaya ta buɗe jaka ta sa mata wani tsohon kwali a hannu. Kaka ta shafa ta shafa, muna tsaye ba mai motsi.

Ta ce, "Ladi ce." Ta sake shafawa. "Amma wannan ba ɗinkina ba ne. Na Jummai ne, ji yadda ya karkace."

Ranar ce na ga Kaka ta yi dariya har da hawaye.

Na daɗe ina ɗauka darasin na Yaya Ladi ne. Sai da na manyanta na gane rabinsa nawa ne. Da Kaka ta yi irin kunyata, da yayata ta faɗi, ni kuma da bakina na ce mata ya yi kyau. Shi ya sa yanzu in jikokina suka kawo mini abin da suka haɗa a waya don makaranta, nakan ce su kashe sautin. In ban gane ba, ba na sunkuyar da kai. Nakan ɗora yatsa a kan gilashin in ce, "Wannan 'yar wa ce?"