Ranar da Inna ta yi waƙa a kasuwar Tabotaki

Kasuwa ta cika, sai rediyon wani mai tebur ya saki waƙar da yayana Alhassan ke rerawa in yana noma. Lokacin ina budurwa, ba a daɗe da samun ƴancin kai ba. Alhassan ya tafi ci-rani Abijan, labarin rasuwarsa kawai ya dawo mana.

Inna ta sauke ƙwaryar nononta, ta kama waƙar da ƙarfi, tana tafi tana hawaye.

Na ce, "Inna, mutane na kallonki."

Ta ce, "Ƙyale su, ɗiyata. Ban ga kushewatai ba. Nan ɗai nika iske shi."

Sai masu fura suka taso, suka yi mata amshi har waƙar ta ƙare.

Ku fa, wace waƙa ke dawo muku da naku da suka rasu?